Ranar da Na Mayar wa Matan Miskin Kwanukansu

Tun da na dawo daga Bangi, babban birnin Afirka ta Tsakiya, ban huta ba. Duk wadda ta zo yi mini sannu da zuwa sai ta miƙe ƙafa ta ce in ba ta labari, har a gidan biki an taɓa tsare ni a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa. Na gaji da maimaitawa. Na kuma lura cewa duk sanda na sake faɗa, sai in ɗan gyara labarin yadda zai wanke ni. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, da laifina a ciki, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Baba ne ya aike ni. Ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni, kuma a duk 'yan ɗakinsu mutum ɗaya ta rage masa, ƙanwarsa Gwaggo Asabe. Ita kuwa tun tana amarya ta bi mijinta ɗan kasuwa zuwa Afirka ta Tsakiya, rabonta da Kano ya fi shekara talatin. Mijin ya rasu, 'ya'yanta maza sun watsu, amma ta ƙi tasowa. Duk sanda Baba ya kira ta a waya sai ta ce, "In sha Allahu, Yaya." Da ya gaji da wannan in sha Allahun, sai ya sa aka gyara ɗakin da ke kusa da nasa, aka yi masa fenti, aka sa gado, sannan ya kira ni.

"Ke ce mai taurin kai a gidan nan," ya ce. "Je ki ɗauko mini ita ta dawo gida gaba ɗaya. Ba na so in mutu tana can."

Na ce masa ya ɗauka an gama. Ni malamar tarihi ce da ta yi ritaya, shekara talatin ina juya 'yan matan sakandare, don haka ban ga yadda tsohuwa ɗaya za ta gagare ni ba.

Ta ƙasa na tafi, saboda tsarabar da aka lafta mini ba ta jirgi ba ce. Aka haɗa ni da Hajiya Kulu, wata 'yar kasuwa mai kai atamfa da turaren wuta Kamaru, wadda ta san hanyar kamar tsakar gidanta. Daga Kano zuwa Yola ba abin faɗa sai ciwon baya. Labari ya fara ne a iyakar Kamaru, inda wani jami'i ya nuna wani ƙullin leda a cikin kayana ya ce in kwance. Hajiya Kulu ta gaya masa da Fulatanci cewa ba zai ji daɗi ba. Ya ce a kwance. Na kwance masa daddawar Gwaggo, wadda ta kwana biyu a bayan mota cikin rana. Bawan Allah ya ja da baya, ya toshe hanci da hularsa, ya yi wata doguwar magana da Faransanci. Na tambayi Hajiya Kulu me ya ce. Ta ce yana tambaya ne ko mamacin ɗan uwana ne. Ya buga mana hatimi da hannu ɗaya, sauran kayan ko kallonsu bai yi ba.

A Ngaundare muka sauka gidan wata ƙawar Hajiya Kulu, Bafulatana mai kirki wadda ba ta jin Hausa sosai, ni kuma Fulatancina bai wuce gaisuwa ba. Da safe ta kawo shayi da wani burodi dogo kamar taɓarya, mai taurin ɓawo. Na nemi wuƙa. Ta yi dariya ta karya shi a gwiwa ta miƙo mini. Garin akwai sanyi, na yi ta godiya ga Allah da na ɗauko rigar sanyin da na so bari a gida.

A Garwa-Bulai, garin da ke bakin iyakar Afirka ta Tsakiya, muka rabu da Hajiya Kulu. Sai da na kwana uku ina jiran motoci su taru, domin a wannan hanyar ayari ake yi, ba a cika son mota ta tafi ita kaɗai ba. Kafin ta tafi ta damƙa ni a hannun wani direba, ta ja masa kunne kamar wadda ke ba da amanar yarinya, alhali na kusa haifarsa.

Daga nan ƙasa ta zama ja, itatuwa suka yi tsawo. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rogo. A gefen kwalta suke shanya shi, fari fat, ƙauye bayan ƙauye, mota na wucewa tana bi ta gefensa, ba mai ɗauka. Mu da ko barkono muka shanya sai mun sa mai gadi. Shingaye kuwa sun fi a ƙirga, a kowanne sai an sauka an nuna takarda. Wadda ke zaune kusa da ni Kirista ce, da ɗan gicciye a wuya, ba mu da yare ɗaya. Ta ɓare ayaba ta ba ni rabi, na ba ta kilishi. Da ta tambaye ni da hannu ina zan sauka, na faɗi sunan da aka koya mini, "Senk-Kilo." Sai ta juya tana kallon taga. Can ta dafa gwiwata sau biyu. A lokacin ban san me take nufi ba.

Senk-Kilo shi ne Kilomita Biyar, unguwar 'yan kasuwa inda yawancin Musulmin Bangi suke. Hawa, 'yar Gwaggo, ita ta tarbe ni a tasha. Mace ce kakkaura mai shekara arba'in da wani abu, tana da rumfar yadi a kasuwa. Hausarta sai ka kasa kunne, tana fara zance da Hausa, ta bi ta Sango, yaren garin, ta ƙare da Faransanci, sannan ta dube ka tana jiran amsa. Unguwar ta yi mini kama da kasuwannin Kano, ga shaguna cike da kaya, ga masu babur, ga kiran salla. Sai dai a wasu bangwayen za ka ga ramuka ƙanana da aka cike da siminti, kuma ba wanda zai gaya maka na mene ne sai ka tambaya.

Gwaggo na zaune a kan tabarma da ƙafa a miƙe. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, bakinta ja da goro. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka ba ta faɗin sunana.

"Uwata, ke ce kika yi furfura haka?" ta ce. "Zo nan in gani ko ta gaskiya ce."

Ta riƙe kaina ta yi ta kuka, ni ma na yi. Da aka kwance daddawa ta kai hanci ta lumshe ido, ta ce yau ta shiga Kano.

Abincinsu gozo ne, tuwon garin rogo mai danƙo, da miyar ganyen rogo da suke kira ngunza, wadda ake dakawa da gyaɗa. Ranar farko na ci don kunya. Rana ta uku na nemi ƙari. Gaisuwarsu ma daban take. Mace za ta kama hannunki ta girgiza kamar namiji, in kun saba ta haɗa kumatunta da naki. Ba a durƙusa wa kowa yadda muke yi. Na durƙusa wa wata tsohuwa maƙwabciya, ta ɗauka wani abu ne ya faɗi, ta sunkuyo tana taya ni nema.

Sai da na bari kwana huɗu suka wuce sannan na buɗe zancen da ya kawo ni. Na gaya mata halin idon Baba, na gaya mata ɗakin da fentinsa. Ta saurare ni har na gama.

"Allah ya saka wa Yaya," ta ce. "Amma ina zan je, Uwata? Akwai kwanukan mutane a hannuna."

Ta nuna wata kanta a bango. Kwanuka ne na samira da na silba, tsofaffi, wasu sun lotse, guda goma sha ɗaya. A gindin kowanne an rubuta suna da jan fenti, kuma sunayen ba irin namu ba ne. Na ce na su wane ne. Ta ce na matan Miskin, unguwar da ke gaba da su, inda ta zauna da can. Daga haka ta canja zance zuwa wane ya mutu wane ya rage a danginmu.

Na kwana da abin a raina. A gidanmu in kwanon wani ya kwana biyu a wurinka, abin kunya ne. Na ce ko dai tsufa ya fara taɓa Gwaggo, ko kuma ta rasa hujja ne ta kama kwano. Ko wanne ne, maganinsa a hannuna yake. Na ga dai ranar Juma'a wata mata ta zo da kwano a ka, sun gaisa da Sango, ta zauna, ta tafi da wani kwanon. Ban ɗauke shi a bakin komai ba. Da na yi wa Hawa tambaya ɗaya da ta ishe ni, amma wanda ya saba shi ake tambaya bai iya tambaya ba.

Ranar Talata aka yi suna a Kokoro, unguwar da ke maƙwabtaka da su. Gwaggo da Hawa suka shirya tun da hantsi. Na ce kaina na ciwo. Suna fita na sauke kwanukan nan, na wanke su da toka da sabulu har suna ɗaukar ido, na jera su a cikin buhu. A ƙofar gida akwai wani mai shago, Malam Isufu, mutumin Maraɗi, watansa huɗu da zuwa garin, mun saba saboda a maƙwabta shi kaɗai nake jin Hausarsa ba tare da wahala ba. Yana da babur, yana kai kaya Miskin. Na nuna masa sunan da ya fi yawa a kwanukan, Terez. Ya ce ya san gidan, kowa ya san Mama Terez. Ya ɗaure buhun ya tafi, bai yi rabin awa ba ya dawo ya ce ya ajiye mata a ƙofa. Na yi masa godiya. Na koma na zauna ina ji da kaina, har ina shirya yadda zan ce wa Gwaggo, to, hujja ta ƙare.

Kafin azahar na ji unguwar ta canja. Ƙarar rufe ƙofofin shaguna na fara ji, ɗaya bayan ɗaya. Na leƙa, sai na ga matan da ke sayar da ganye da tumatir a bakin hanya suna tattara kayansu da sauri, wata har ta bar tirenta. Malam Isufu na tsaye yana tambayar mutane lafiya, ba mai amsa masa.

Sai ga Hawa ta faɗo gidan, mayafi a hannu, waya a kunne. Idonta ya sauka a kan kantar kwanukan. Ta juyo ta dube ni.

"Yaya, ina kwanukan?"

Na ce na mayar wa masu su.

"Da me a ciki?"

Na ce ba komai, amma na wanke su tas.

Hawa ta zauna a ƙasa daɓas. A nan, da Hausarta mai ɗingishi, ta gaya mini abin da na yi.

Gwaggo ta shekara talatin a Miskin, katanga ɗaya da Mama Terez. Da rikici ya ɓarke a garin, Musulmin da ke Miskin suka gudu Kilomita Biyar, Kiristocin da ke Kilomita Biyar suka gudu waje. Aka datse hanya. Samarin wancan ɓangare suka kafa shinge, na wannan ma suka kafa nasu, wanda ya tsallaka bai da tabbacin dawowa. A cikin ƙunshin da Gwaggo ta gudu da shi akwai kwanon Terez, wanda ta aiko mata da ngunza ana gobe abin zai faru. Bayan wasu watanni, wata safiya, Gwaggo ta soya waina ta cika kwanon, ta ɗora a ka ta nufi shinge. 'Ya'yanta suka riƙe ta, ta fizge. Samarin Miskin suka tare ta, ta ce kwanon mutane ta zo mayarwa. A cikinsu akwai wanda ita ta yi wa wankan jego shi da uwarsa. Shi ya je ya kira Terez.

Ranar Gwaggo ta mayar da kwanon Terez, amma ta bar mata nata, don dole wata ta sake tsallakowa. Haka abin ya fara. Wasu matan suka shigo, daga unguwar Yakite, daga Kokoro, daga Miskin. Suka yi wa kansu doka: kwano ba ya komawa wayam, ba a ba ɗan aike, mai shi ce za ta kai da ƙafarta, kuma ba a taɓa mayar da su duka. Da suka yi yawa, sai suka riƙa ɗunguma tare zuwa wurin masu unguwanni da hukuma, su zauna a ƙofa ba su tashi, har aka bar masu ganye suka dawo kasuwa, aka bar mai naƙuda ta wuce asibiti ba a tambayi sunanta ba.

"Kuma akwai abu ɗaya da suka yi alkawari," in ji Hawa. "Duk ranar da kika ga kwanonki ya dawo babu komai, a hannun wani, to kada ki tako. Ana shirya wani abu, ba za mu iya kare ki ba. Tun da aka fara ba a taɓa mayar da ko ɗaya haka ba. Ke kin mayar da sha ɗaya."

Na ce ai ga waya, a kira a yi bayani. Ta ce tun a hanya ta kira ta ce ba Gwaggo ce ta aika ba, Mama Terez ta ji, amma maganar ta riga ta fita, ta shiga kasuwa, ta shiga bakin samari. A garin da aka sha wuya ba a yarda da waya, sai abin da ido ya gani.

Gwaggo ta shigo a hankali tana dogara sanda. Na tashi zan yi magana, ta ɗaga mini hannu. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce wa Hawa ta koma gidan suna ta ce a dakatar da rabon abinci. Ba a jima ba sai ga mata suna shigowa da kwanukansu, kowacce da shinkafa ko waina ko naman suna a ciki. Maijego da danginta ko tambaya ba su yi ba, tukwanen suka bayar. Aka ce a samo wa Gwaggo babur saboda gwiwarta.

"In na hau babur wa zai gan ni?" ta ce.

Sannan ta dube ni. "Uwata, ke za ki ɗauki babban."

Rabon da in ɗauki kaya a ka tun ina budurwa. Aka yi mini gammo da ɗankwalin wata, aka ɗora mini daro cike da shinkafa da miya. Muka fito a jere, mu wajen ashirin, Gwaggo a gaba da sandarta. Ba mai waƙa, ba mai ɗaga murya. Tana tafe tana gaida mutane ɗaya bayan ɗaya, kamar wadda za ta unguwa. Mai shagon da ya ja ƙofarsa rabi ya tsaya yana kallo, sannan ya tura ta sama. Wata mai tumatir da muka tarar a hanya da kayanta a ka ta juya ta bi bayanmu. Miya na zubo mini ta bayan wuya, wata a bayana tana cewa da Sango abin da Hawa ta fassara mini daga baya: ashe malaman Kano wuyansu na ado ne.

Na shekara talatin ina koya wa yara yadda mata a kudancin Afirka suka yi jerin gwano a zamanin wariyar launin fata, har ina rage wa yarinya maki in ta manta wani abu. A nan kowa fatarsa irin ta ɗan uwansa ce, amma an raba mutane, an ce wannan titin naku ne, wancan nasu. Kuma ga matan da suka ƙi yarda ina tafe a tsakiyarsu, ɗaya ƙanwar ubana ce, na kwana takwas a ɗakinta ban sani ba. Kunya ta ishe ni.

A inda shingen yake da can, yanzu ba komai sai wata kwata da katako a kai. A ɗaya gefen samari sun taru, sun yi cirko-cirko. Gwaggo ta tsaya a bakin katakon tana haki. Ta kira ɗaya daga cikinsu da sunansa, wani dogo mai gemu, ta miƙa masa hannu. Ya ɗan tsaya, ya dubi 'yan uwansa, sannan ya zo ya kama ta ya tsallakar da ita. Sauran suka dare muka wuce.

Mama Terez doguwa ce, ta rame, kanta fari. Ta jera kwanukan nan sha ɗaya a tsakar gida, ta zauna a kujera tana fuskantarsu, mata kewaye da ita. Idonta ya yi ja. Ba ta tashi ba sai da Gwaggo ta zo gabanta. Suka haɗa goshi suka daɗe a haka. Sannan Gwaggo ta jawo ni da sanda, da daro da komai, ta yi magana da Sango. Ban ji ba, amma na gane an ce ga mai laifin.

Aka sauke mini kaya. Na durƙusa irin na gida, na ba da haƙuri, Hawa na fassarawa. Mama Terez ta ƙare mini kallo. Ta ɗauki kwano ɗaya ta juya shi, ta ce wani abu, mata suka fashe da dariya.

"Ta ce tun da ta sayi kwanon nan bai taɓa yin haske haka ba," in ji Hawa. "Ta ce ta yafe, amma sai kin ci abincin gidanta."

Aka kawo mini makongo, wasu tsutsotsin itace soyayyu da suke ji da su. Na dubi Gwaggo neman ceto. Ta ce, "Ba fara kuke ci a Kano ba? Wannan ma fara ce, fiffike ne bai fito ba." Na rufe ido na ci ɗaya. Ba zan ce na ji daɗi ba, amma na ci na biyu ba a ce in ci ba.

Ana cikin rabon abinci Mama Terez ta tambayi Hawa abin da ya sa na yi haka. Na faɗi gaskiya. Na ce yayan Gwaggo ne ya aiko ni, ya tsufa, ba ya gani sosai, yana so ya ji ƙanwarsa kusa da shi kafin ya mutu, ita kuma ta ce kwanuka ne suka riƙe ta.

Ashe Gwaggo ba ta taɓa gaya mata ba. Mama Terez ta ajiye abin da ke hannunta ta juya kan Gwaggo da faɗa, irin faɗan da sai wanda kuka tsufa tare zai yi maka. Gwaggo ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zaninta. Hawa na raɗa mini a kunne. Terez ta ce nata yayan ya mutu a ƙauye lokacin da hanya take rufe, ba ta gan shi ba, ko kabarinsa ba ta sani ba. Ta ce, ke ga naki da rai yana kira, kin zauna kina gadin kwano. Gwaggo ta ce in ta tafi wa zai riƙa tsallakawa, yaran yanzu sun fara ganin abin wahala ne. Terez ta nuna matan da suka cika tsakar gidan, ta ce waɗannan duk aljanu ne?

Sai Gwaggo ta faɗi abin da ke ranta, da Hausa, tana kallona.

"Na san Yaya. In na shiga ɗakin nan ba zai bar ni in fito ba. Ni kuma a nan na binne mijina da 'ya'ya biyu, Uwata. Ina son ganinsa, Allah ya sani. Amma ba zan iya ce masa a'a a gabansa ba, shi ya sa nake ce masa in sha Allahu daga nesa."

Da aka fassara wa Mama Terez, sai ta kama hannuna da hannayenta biyu, masu kaushi kamar dutsen guga. Ta ce ta ba ni aron ƙawarta wata biyu. Ta ce in rantse da Allahn da nake bauta wa cewa ni da kaina zan dawo da ita. Na tuna abin da na ce wa Baba. Na dubi Gwaggo. Na rantse.

Dawowa ta jirgi muka yi, ɗanta da ke Duwala ya ce gwiwarta ba za ta ɗauki mota ba. Gwaggo ta yi barcinta a sama kamar a ɗakinta, ni kuwa tun daga Bangi har Kano ina juya yadda zan fuskanci Baba.

Haɗuwarsu ba zan iya rubuta ta daidai ba. Yana zaune a kan buzunsa ta yi sallama. Ya ɗaga kai ya ce, "Wace ce?" alhali ya sani. Ta durƙusa da gwiwar nan tata ta ce, "Ni ce, Yaya." Ya laluba ya kama hannunta, ya ce ta rame, ta ce shi ma bai yi ƙiba ba. Muka fita muka bar su.

Kwana uku ina kewaye-kewaye. Rana ta huɗu, bayan la'asar, Gwaggo ta shiga cikin gida wurin mata, na samu Baba shi kaɗai. Na ba shi labarin tun daga kwanukan har zuwa rantsuwar, ban rage laifina ba. Na ce masa na yi masa alkawari na kuma yi wa wata, kuma na biyun da sunan Allah na yi shi. Na tsaya ina jiran faɗa.

Ya ci gaba da jan carbinsa.

"Ita matar," ya ce, "ta ga nata yayan?"

Na ce ba ta gan shi ba.

Ya ajiye carbin. Sannan ya ce, "Kwana nawa ta ba ni?"

"Wata biyu, Baba."

"Har huɗu sun tafi," ya ce. "To, daina tsayuwa a kaina kina cinye mini sauran. Je ki kira mini ita."